Ranar da na fitar da maigidana a kan karo

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta da shekarar da amai da gudawa ya shigo kambonmu ba. Kambo shi ne unguwar da mu leburorin gona muke zaune, a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan ban-ruwa, can gefen Wad Haddad. Daga tur'ar nan muke sha, a nan muke wanki, nan ma jakuna ke sha.

Ciwon ya zo ana saura 'yan kwanaki a fara tsintar auduga, aikin da muke ci da shi rabin shekara. Da mutum biyu suka rasu, sai dattawa suka zauna suka yanke shawara: kada wanda ya ambaci sunan ciwon, kada wanda ya kai mara lafiya asibiti. Dalilinsu, in masu gonaki suka ji, za su ce mu Fallata, kamar yadda suke kiranmu, mun kawo annoba, su hana mu aiki. Sai aka koma cewa wane “cikinsa ya ɗan ɓaci”. Ɗan ɓaci! Mutum yana zubar da ruwan jikinsa kamar tulu ya fashe. Yanzu da na girma na gane ba mugunta ba ce, tsoron yunwa ne. Amma a lokacin haushi kawai nake ji.

Wata safiya abin ya kama maigidana. Kafin hantsi idanunsa sun faɗa, muryarsa ta dishe, in na ja fatar hannunsa sai ta tsaya ba ta koma ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsorata. Na shiga ɗaki na fito ya fi sau goma ban san abin da nake nema ba, har na tarar da kaina riƙe da ludayi ina kuka.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, kukan ga naki ruwa na, amma ba shi ka shiga cikinai ba. Hura wuta.”

Na hura wuta. Ta ce in tafasa ruwa, na tafasa. Ta sa na zuba sukari da ɗan gishiri, muka riƙa ba shi cokali-cokali. Abin mamaki, tun da hannuna ya samu aiki sai kaina ya dawo. Da kaina ya dawo kuwa na ga gaskiya ƙiri-ƙiri: abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. In ba a yi masa ƙarin ruwa ba, mutumin nan ba zai ga la'asar ba.

Na ɗaura wa jaki karo, wato amalanke, muka shimfiɗa tabarma muka ɗora shi. Ina jan linzami sai ga yayansa ya tare ƙofa.

“Ina za ki da shi da rana tsaka? Ba ki ji abin da manya sunka ce ba?”

“Na ji, Yaya. Mustashfa za ni kai shi, asibiti.”

“Ki tona muna asiri? In anka hana mu aiki, mi za mu ci?”

“Yaya, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In ya mutu, auduga za ta tashe shi? Halas, magana ta ƙare, ba ni hanya.”

Ban taɓa ɗaga ido na dubi mutumin nan ba sai ranar. Ya ce aƙalla in lulluɓe shi da buhu in bi ta bayan gari. Na ce mijina ba kayan sata ba ne. Na bi ta tsakiyar kambo, ta gaban masallaci, dattawa suna zaune suna kallo. Tsohuwar tana bayan karo ta tallafe kansa tana ɗura masa ruwa, ni kuma ina salati ina kora jaki.

A asibiti suka sa masa ruwa a jijiya. Can da yamma ya buɗe ido ya tambaye ni wa na bar wa awaki. Na zauna a ƙasa na yi ta dariya da hawaye.

Abin da dattawa suka ji tsoro kuwa ya faru. Ma'aikatan lafiya suka zo kambo suka zuba magani a ruwa, labari ya bazu, masu gonaki da dama suka ɗauko leburori daga wani wuri. Mun sha wuya a shekarar nan, kuma akwai matan da suka daina amsa gaisuwata. Amma cikin wannan makon gida huɗu suka fito da marasa lafiyarsu da rana, duk suka dawo da ƙafafunsu.

Har yau wasu na cewa ni na jawo musu yunwar shekarar nan. Na yarda, kuma da za a sake, haka zan yi. Abin da na koya shi ne, tsoro ba ya barin mutum don ya zauna ya jira shi ya tafi. Ka ba hannunka aiki, ka kira ciwo da sunansa, ka fita neman magani ko da tsoron na nan. Yunwar mun ci ta ta wuce, waɗanda aka ɓoye a ɗaki kuwa har yau ba su dawo ba.