Tafiyar Ɗauko Ɓeraye da Kwanan da Na Yi a Zonkwa

Laraba: Kafanchan zuwa Zariya

Ƙarfe biyar da minti goma na asuba na rufe ƙofar gidana a Kafanchan, ɗauke da kejin roba huɗu, babu kome a cikinsu. Sunana Danladi, ina koyarwa a wata kwaleji a nan garin, ina kuma karatun digiri na uku a kan ƙwaƙwalwa. Bincikena ba ya yiwuwa sai da fararen ɓerayen gwaji, su kuwa sai a Zariya na sami mai kiwonsu.

Shida saura kwata bas ta cika. Muka ƙetare layin dogo gari bai gama wayewa ba. Bakwai saura muka shiga Zonkwa, direba ya tsaya ɗora buhunan citta. Daga kujerata ina hangen layin gidan yayana, Bitrus. Wata bakwai ke nan da ya sami shanyewar ɓarin jiki, ni kuwa rabona da gidan wata huɗu. Na sunkuyar da kai kamar mai duba waya har muka tashi.

A Kachia muka karya da kunu da ƙosai. Shingen jami'an tsaro biyar na ƙirga kafin Kaduna, ba a tsayar da mu ba sai a biyu. Na sake mota, ƙarfe ɗaya da rabi na isa Zariya, rana kamar wuta.

Mai kiwon ɓerayen dattijo ne, Malam Sani. Yana kamo su ta gindin wutsiya yana ɗorawa a sikeli, har ya ware mini maza ashirin da huɗu.

"Malam, su kuma waɗannan me za a yi musu?" ya tambaye ni.

Na yi masa bayani. Za a yi wa ɓera allurar barci, a toshe jijiyar da ke kai jini gefe ɗaya na ƙwaƙwalwarsa na ɗan lokaci, ya farka da shanyayyen ɓarin jiki. In ya ɗan murmure, a ware shi a keji shi kaɗai na makonni. Sannan a ajiye masa kwalba biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan sukari. Lafiyayyen ɓera mai zaƙin zai bi. Wanda ciwon damuwa ya kama kuwa ba ruwansa, duk ɗaya ne a wurinsa. Da haka muke gane ciwon ya shige shi, mu gwada magani.

Malam Sani ya rufe kejin. "Na daɗe ina kiwonsu," in ji shi. "Ko lafiyarsa ƙalau, in ka raba shi da 'yan'uwansa sai ka ga gashinsa ya tashi, ya daina gyara jikinsa. Allah Ya sa a dace."

Na kwana a gidan wani abokin karatuna a Samaru.

Alhamis: Zariya zuwa Zonkwa

Zuwa Kaduna abokina ya kai ni. A tashar Kaduna direbobi uku suka ƙi ɗaukata. Na huɗun, wani mai ƙaramar mota, ya yarda in na biya kujerun baya duka. Ba mu tashi ba sai sha ɗaya da kwata, alhali so na yi in wuce kafin rana ta take.

A shinge na biyu wani soja ya leƙo ya ce a buɗe. Da ya ga jajayen idanu suna kallonsa sai ya ja da baya. Na miƙa masa takardar makaranta, ya karanta a tsanake.

"Oga, mamana ma tana da wannan sitirok, shanyewar jikin nan," ya ce. "Kuka kawai take yi. In kun samu magani, ku faɗa a rediyo."

Kusan kilomita goma bayan Kachia taya ta fashe, safaya kuma babu iska. Direba ya hau babur ya tafi neman mai faci. Awa biyu na yi a gindin wani mangwaro ina jiƙa tawul ina rufa wa kejin. Ɓerayen suka baje a kan garin katako suna haki. Kafin direba ya dawo biyu sun mutu, na uku ya bi su muna shiga Zonkwa, ƙarfe biyar saura. Ban ga yadda sauran za su kai Kafanchan ba tare da sun sha iska ba. Na ce wa direba ya karya kwana zuwa gidan yayana.

Matarsa, Anti Hannatu, ta tarbe ni ba tare da ƙorafi ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Muka jera kejin a baranda. Ta ce Yaya yana ɗakin baya. Shi ya ce a mayar da shi can, ya kuma hana 'yan ƙungiyar mawaƙan coci zuwa, shi da ya yi shekaru yana koya musu waƙa.

"Ƙafa ta fara takawa," ta ce. "Likita ma ya yaba. Amma abinci sai na roƙe shi. Fasto ya ce mu ƙara addu'a. Ina yi, Danladi, ina yi."

Na same shi a kujera yana fuskantar bango, hannun hagu a kan cinya. Mutumin da ya biya mini makarantar sakandare ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Yaya, ina wuni?"

"Ka zo." Maganarsa na fita ta gefen baki. "Na ji an ce da ɓeraye ka zo. Kawo in gani."

Na ɗauko keji ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya tambayi abin da zan yi da su. Na faɗa masa, ina ta rage maganar. Bai bar ni ba sai da na kai har kan kwalaben.

"To ka sha wahalar hanya," in ji shi. "Zariya ka je neman abin da ke zaune a Zonkwa. Su ba za su iya gaya maka kome ba. Ni zan iya. Ba ka tambaya ba."

Na ajiye kejin a ƙasa. Na ce, "Yaya, ina tambaya yanzu."

Ya ce ba hannun ne ya dame shi ba. Ya ce yakan ji ƙararrawar coci kamar a wani gari ake bugawa. Jikarsa takan hau cinyarsa, ya san ya kamata ya ji daɗi, ya nema a ransa ya rasa. Ya ce da safe in ya buɗe ido, haushi yake ji cewa ya buɗe.

Na gaya masa wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ciwo ne da kan biyo bayan shanyewar jiki, akwai likitocinsa, akwai magani tun yanzu, ba sai an jira ɓerayena ba. Na san haka tun watan da ya kwanta. Na rubuta shi a babi na biyu na aikina, ban taɓa faɗa a gidan nan ba.

Anti Hannatu ta kawo faten acca, ya ci cokali huɗu ya ture.

Jumma'a: Zonkwa zuwa gida

Shida da rabi na shiga yi masa sallama. Na ce ranar Talata zan zo da mota mu je wurin likitan ciwon damuwa a Kafanchan.

"Ka zo dai," ya ce. "Ko ban je ba, ka zo."

Direban bas ya karɓi kejin ba gardama, ya ɗora su a gaba kusa da taga. Takwas saura minti biyar muka shiga Kafanchan. Na kai ɓeraye ashirin da ɗaya ɗakin gwaji, na zuba musu ruwa da abinci, sannan na taka zuwa gida.

Na gode wa Ubangiji da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Malam Sani, da abokina na Samaru, da direban da bai guje ni ba. Godiyar Anti Hannatu kuwa ban san yadda zan yi ta ba. Da ta rako ni bakin titi ta ce rabon da ta ji mijinta ya yi doguwar magana haka tun kafin Kirsimeti. A tsaye take a bayan ƙofa duk tsawon maganarmu, ta ji har da zancen buɗe ido da safe. Ta ce in yi sauri kada bas ta wuce, ta juya ta koma dama masa kunu.