Bayan Kunnen Barsu

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Taloka, komai yana da lokacinsa. A yi sallar magariba, a ci tuwo, a wanke kwanoni, sannan kakarmu Inna Yalwa ta hura wuta a tsakar gida. Ba don sanyi take hura ta ba. Tun da aka datse ruwa a Goronyo aka ja shi zuwa gonaki, sauro ya zama ɗan gida rani da damina. Takan zuba ɗanyen ganyen dogonyaro a kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe, mu jikoki mu zauna bisa tabarma, ƙanana a gaba, manya a baya. Ba ta buɗe baki sai kowa ya zauna inda ya dace da shi.

Can gindin rumbu Barsu yake kwanciya. Karen kakanmu ne, shi ke gadin albasa a fadama. Bayan kakanmu ya rasu ba a hana shi abinci ba, amma babu mai taɓa shi. Kaska ta cika masa kunnuwa da tsakanin yatsu, ƙudaje suka cinye bakin kunnen har yana jini. Yini yake yi yana kaɗa kai.

Wata rana Baffa Sani, ƙanen babanmu, ya dawo daga fadama da kwalbar maganin feshin albasa, ya ɗora ta a kan katanga. Ya ce da safe zai dama shi a bokiti ya kwara wa karen. A lokacin maganin sabon abu ne a wurinmu, mutane suna ganin abin da ya kashe tsutsar albasa zai yi maganin komai. Wani maƙwabcinmu ya yi wa karensa haka. Kaskar ta zube, karen ya lashe jikinsa, bai kai la'asar ba. Baffa ya san da wannan.

"In ya rayu, to. In ya mutu, an huta," in ji shi. "Ni ban da lokacin tsintar kaska, Inna. Injin ban-ruwa na can na jira na."

Inna ta bari sai da ya zauna bisa turmi yana ɗaure tiyon ban-ruwa da ya fashe, sannan ta gyara wuta.

"Ga wata nan ta biyo hayaƙi ta zo," in ji ta. Haka take buɗe tatsuniya kullum.

Muka ce, "A ba ta wuri ta zauna."

Ta ce a da can kare a daji yake, tsuntsaye ke tsince masa kaska. Wata shekara ya hango wutar mutum, ya matso ya nemi zama. Mutum ya tambaye shi abin da zai bayar. Nan Inna ta ƙanƙantar da murya, ta zama kare: "Ni in ba ka barcina, ka kwana in tsaya. Kai ko ka ba ni hannunka. Akwai wani wuri bayan kunnena, haƙorina bai kai, ƙafata ba ta iyawa." Mutum ya yarda.

Aka daɗe a haka. Sai mutum ya yi arziki, awaki suka cika masa garke, aiki ya yi masa yawa. Bai daina ba kare tuwo ba, sai dai daga nesa yake jefa masa. Kare ya zo ya miƙa kunne, a ce ya bari sai gobe. Kaska ta yi ta shiga har ta toshe kunnen. Ranar da kura ta zo garke, kare yana kwance a bakin ƙofa ido buɗe, bai ji komai ba. Da gari ya waye mutum ya ɗauko sanda.

"Sai kare yac ce mai, 'Kahin ka buga, duba abin da za ka buga. Ni ban ci barcin da nib ba ka ba. Kai ina hannun da kac ce?'"

Itace ya karye a cikin wuta. Sannan ta rufe: "Ta koma inda taf fito, ta bar muna hayaƙi."

Daga bisa turmi Baffa ya ce, "Inna, da ni kike?"

"Da ɗiyan ga nike. Amma na gode Allah, naka kunnen lahiya shike."

Muka danne dariya, don Baffa ba a yi masa dariya. Ya tashi ya shiga ɗaki. Kwalbar tana nan a kan katanga, da ita na kwana a raina.

Da hantsi Inna ta ɗaura tsohon zanen da ba ta salla da shi, ta ce, "Sani, zo ka riƙe kai." Ya tsaya jim, ya dubi hanyar fadama, sannan ya zo ya durƙusa.

Ga yadda ta yi, ban manta ko ɗaya ba. Da farko ta kira sunan karen, ta bar shi ya sansana hannunta. Na biyu, ta shafa masa toka mai sanyi a kunne da wuya, ta shiga tsintar kaska ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a kaskon garwashi, muna jin fashewarsu. Na uku, ta wanke shi da ruwan dogonyaro mai ɗumi da sabulun salo, ba ta bari ya shiga ido ba. Na huɗu, ta goge gashin da totuwar masara, daga wuya zuwa wutsiya. Daga ƙarshe ta shafa man kaɗe a bakin kunnen saboda ƙudaje. Sai ta wanke hannu da ƙasa da ruwa, ta canza zane.

Tun ana tsintar kaska Barsu ya daina rawar jiki, ya ɗora haɓa a gwiwar Baffa.

"Haka Baba ka yi mai?" in ji Baffa, murya ƙasa ƙasa.

"Haka shike yi."

Kwalbar ta tafi fadama inda aikinta yake. Barsu ya ƙara shekaru, kuma Baffa ne ke riƙe da totuwar.

Ina yarinya na ɗauka maganar kare ce kawai. Na yi aure a Wurno, na haihu, shekaru suka ja. Da aka aiko Inna ta tsufa ba ta fita, na je gida. Ba ta rasa komai ba. Kwanonta cike, ɗakinta a share, kowa yana gaishe ta daga bakin ƙofa kafin ya wuce fadama. Amma gashinta ya cukurkuɗe, dugaduganta sun tsage, farcenta ya lanƙwashe. A nan na gane cewa ciyarwa daga nesa ma ana yin ta. Abin da ba a iya jefawa daga bakin ƙofa shi ne hannu.

Na ɗora ruwa. Na kira sunanta, na ba ta hannuna ta shafa, don ido ya riga ya tafi. Na tsefe kan a hankali, na wanke, na taje, na ɗauko man kaɗe.

"Ƙawata," in ji ta, "mi kike yi haka? Kin maishe ni Barsu?"

"A'a, Inna."

"Ƙarya kike, na gane jerin." Ta yi murmushi, ta karkato kai wajena. "Ci gaba. Nan bayan kunnen ga, hannuna ya daɗe bai kai ba."