Abin da Mai Wanka Ta Gani

Ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a unguwar Ali Kazaure wayar mijin Yaya Rabi ta shigo. Ya ce, "Hadiza, sai haƙuri, ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe da sanin jikin ya yi nisa, amma sanin bai rage mini komai ba. Yayata ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar Innarmu.

Duk unguwar Dutse Uku an san Rabi mai ɗinki. Ba ta iya lallashi ba. In kaya ba su karɓe ki ba, a gaban kowa za ta faɗa miki, sannan ta zauna ta gyara. Takan ce, "Ki ji haushina yau, ranar bikin za ki gode mini."

Abu ɗaya ta taɓa ɓoyewa. Da Inna ta rasu, an ce mana zazzaɓi ne. Yaya Rabi na cikin masu yi mata wanka, ta ga gyambon da ya cinye mata nono. Goggonmu ta ja ta gefe ta ce, "Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani." Ta kama bakinta, domin da ma haka aka koya mana rufa wa mamaci asiri. Ko da irin ciwon ya fito wa Yaya Rabi a nonon hagu, likita ya tambaye ta ko wani a dangi ya taɓa yi, sai ta ce babu. Aka cire nonon, ta warke, ta koma kan kekenta.

Bayan 'yan shekaru ya ɓullo a dama. A nan ta faɗa wa likita maganar Inna, ina zaune. Likita ya yi mana bayani cewa akwai ciwon dajin nono da ake gadonsa a jini, kamar yadda ake gadon kama. Ba kowace ɗiya ke ɗauka ba, amma wadda ta ɗauka yana iya sake fito mata a ɗaya nonon, shi ya sa ake sa wa dangin ido tun da wuri. Ban taɓa ganin ta karaya irin ta ranar ba.

Da ciwo ya ci ƙarfinta, ta kira ni da 'yarta Zainab. "Ku za ku yi mini wanka. Abin da kuka gani ku faɗa wa matan gidan nan, na yafe. Sannan ku je a duba ku."

Mun yi mata. Mun ga abin da ciwon ya yi mata.

Ranar sadakar uku, a tsakar gida, na faɗa wa matan gidan abin da muka gani. Goggo ta ce, "Hadiza, yayar taki za ki tona wa asiri?"

Na ce, "Goggo, wasiyyarta ce."

Ta sunkuyar da kai tana hawaye. Zainab ta matso ta riƙe mini hannu ta ce, "Anti, yaushe za mu je?" Mun je asibiti. Ni an ce an ga wani abu, in koma mako mai zuwa.

Allah Ya jiƙanki, Yaya Rabi, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haɗa ki da Inna a Aljanna. Ya ba mijinki haƙuri. Ya Allah, Ka tsallakar da Zainab, ta gaji hannun uwarta a ɗinki, kada ta gaji wannan. Amin.