Baba Mai Kwali, Mai Bin Sawun Ruwa

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Kwali ya riga ya share gaban garejinsa, ya jera sifanoni a kan tsumma, ya ɗora butar shayi. Daga nan sai ya zaga motocin da suka kwana a wurinsa, yana zaro kwalayen da ya shimfiɗa a ƙarƙashinsu tun jiya da yamma. Ya ɗaga kowanne ya duba, ya shinshina. Ɗigon mai daban, na ruwan lagireto daban. A nan ya samo sunan. Shekara talatin da bakwai ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don gwiwoyi sun ce sun gaji da durƙuso.

Masu shagunan layin har yau suna ba da labarin wata malamar makaranta. Ita ke kai mahaifinta asibiti wankin ƙoda sau uku a mako, kuma tsohon ba ya iya jure motar haya. Sai fitilar gargaɗin ruwan inji ta fara kamawa a motarta. Ta ƙara ruwa, bayan kwana biyu fitila ta dawo. Gareji biyu suka ce sai an sauke inji, motar ta kwanta mako uku. Ta iso wurin Baba idonta ya yi ja.

"Zauna, 'yata. Farin hayaƙi yana fita a salansa?"

"A'a, Baba."

Ya zaro sandar gwada mai, ya murza da yatsa. "Man nan bai gauraya da ruwa ba. Ba cikin inji yake shiga ba. Bar min ita ta kwana."

Washegari kwali ya fito a bushe ƙayau.

"To aljanu ke shanyewa ke nan?" in ji ta.

"Aljanin da zai bar shayina ya sha wannan ai ya ji jiki," Baba ya ce yana dariya.

Ya tayar da motar, ya bar ta ta ɗauki zafi sosai. Sannan ya ɗauko ɗan madubin nan da ya ara a wurin maiɗakinsa shekaru da yawa, wanda har gobe tana cigiyarsa, ya zura shi bayan inji. Ga shi nan: wani tiyo ya tsage, tsagar ba ta fi silin gashi ba. Ba ta buɗewa sai da zafi, ɗigon kuma ya faɗa kan ƙarfe ya ƙafe kafin ya kai ƙasa, sai farin tabo kawai ya bari. Baba ya jira inji ya huce, ya canza tiyon. Kafin rana ta take, malama ta ja motarta. Da aka fito asibiti kashegari, tsohon ya dage sai an biyo ta gareji. Ya miƙo hannu ta taga ya riƙe na Baba, da baƙin mansa da komai, ya daɗe bai saki ba.

Kai ne, Baba, ba ka taɓa tsorata mai mota don ya ga girman aikinka ba. Kai ne mai tambaya kafin ka kwance, mai haƙurin jiran ƙarfe ya faɗi ciwonsa. Mutane da yawa sun isa inda za su lafiya, ba su ma san da hannunka a ciki ba.

Da muka ce za mu rubuta labarinsa, sai ya ture hula ya ce, "Ni me na yi? In dai za ku rubuta, ku ce musu kar su buɗe murfin lagireto da zafi, kuma fitila in ta kama kar a ce mata gobe."

To, mun faɗa musu, Baba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma da za ku gaji layin nan, kafin ku ce wa mutum sai an sauke inji, ku durƙusa ku duba tukuna.