Sandar da Na Musanya a Lambun Malam

Shekarun baya can, ina ɗan shekara sha biyu, malaminmu yana da lambu a fadama, bayan ganuwar Haɗeja. Da an buɗe ƙofar gari da safe sai mu jingine alluna mu gangara. Kowane ɗalibi da fangalinsa na albasa, da sandar da ya kafa a kai don shaida. A nan muka koyi dashe da jan ruwa da jigo. Ni kuwa, Allah na tuba, rago ne na ƙin ƙarawa, albasata sirara kamar tsintsiya.

Abokina shi ne gwani. Yana jan ƙafar hagu, amma fangalinsa kore shar. Masassarar kwana uku ta ɗauke shi. Al'adar malam, in ɗalibi ya rasu, sauran su ci gaba da yi wa fangalinsa ban ruwa, a kai wa iyayensa amfanin. Mahaifiyarsa kuwa ba ta da kowa sai shi.

Sai Shaiɗan ya hau kaina. Fangalai rututu, wa zai lura? Na faki ido na musanya sandunanmu.

Washegari ni na fara fita da aka buɗe ƙofa. Na tarar da fangalin da na sace jiƙe sharkaf, ruwan bai ma gama tsotsewa ba. Jigo yana lilo, ba iska, ba kowa. Ga sawu a taɓo daga bakin kogi, ƙafa ɗaya ta taka, ɗayar an ja ta. Wallahi kwana uku a jere haka, har tuwo ya gagare ni.

Ran na huɗu na durƙusa gaban malam a lambun ina kuka, na amayar da komai. Ya daɗe yana kallon sawun.

"Kai yaro, ni na zaci kai ke sammako saboda zumunci," in ji shi. "Mayar da sandar, ka yi masa addu'a."

Na mayar. Daga ranar sawu ya ɗauke, ban ruwa ya dawo wuyana har albasa ta nuna. Ni na kai kwandon gidansu. Tsohuwar ta shafa albasar, ta ce, "Ɗan nan, da zai cika ya ce kada in damu, kai za ka kula masa da fangalinsa."

Kunyar da na ji a tsakar gidan nan ta fi tsoron sawun.

Ban san abin da ya ja jigon nan ba, ban kuma bincika ba. Yau na tsufa, ina da lambuna, mutane suna ta yabon sammakona. Ba ƙwazo ba ne. Tsoro nake in iso in tarar an riga ni.