Murfin Bel Ɗin Da Muka Ji Nauyin Tambaya

Edita, sallama gare ka da masu karanta wannan shafi. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, a sashen ƙera injina na wata makarantar fasaha a nan garin Bauchi. Mata ba mu da yawa a ajin, kuma a cikinsu ni ce mai baki. Samarin ajinmu ba sa son yin gardama da ni a kan zane ko lissafi, don sun san sai na wanke mutum tas a gaban kowa. Amma duk bakin nan nawa akwai inda yake mutuwa. A gidanmu mun taso ne a kan cewa ba a tuhumar babba, ba a tambayarsa ina ya kwana da aikin da ya ce zai yi. Na ɗauki wannan a matsayin ado, ban san akwai ranar da zai sa in ga mutuwa ido da ido ba.

Da aka zo rabon aikin kammala karatu, aka haɗa mu mu huɗu. Akwai wani yaro ɗan ƙauyen Miri da mahaifinsa ke noman masara, shi ya kawo shawarar mu ƙera ƙaramin injin casar masara. Akwai wani ɗan unguwar Fadaman Mada da kawunsa ke da shagon walda. Sai ni. Na huɗunmu kuwa magidanci ne mai iyali, ma'aikacin gwamnati da ya dawo ƙaro karatu, yana zaune a gidan ma'aikata can wajen Jiyare. Ya kusa haifar wasunmu, kowa a ajin Yaya yake ce masa, har malamai suna sassauta murya idan suna magana da shi. Mutum ne mai sanyin hali, kullum da fara'a, ba ya shiga surutunmu. Ranar da muka zauna rabon aiki, muka yi irin rabon da ake wa nama a gidan suna, kowa ya ɗauki kasonsa ya kama gabansa. Ni na ɗauki zane da rubutun rahoto, ɗan Fadaman Mada ya ɗauki gangar jikin injin, ɗan Miri ya ɗauki gangar ƙarfen da ke casa da nemo ƙaramin injin fetur da zai juya shi. Don girmamawa muka ba Yaya abin da muke ganin ya fi sauƙi, wato murfin ƙarfen da zai rufe bel da fulin da bel ɗin ke zagayawa a kai. A ganinmu ai gwangwani ne kawai za a lanƙwasa.

Daga nan sai shiririta. Ba mu sake zama mu huɗu a gaban ƙarfe ɗaya ba. A waya muke haɗuwa, kowa ya rubuta cewa nasa ya kusa, a yi masa addu'a a wuce. Ga raɗe-raɗin da ya cika makaranta cewa malamai za su tafi yajin aiki, mu kuwa muka jingina da shi kamar an yi mana alkawari. Duk wanda ya ce lokaci yana tafiya, sai a ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai za a ɗage komai. Abin kunya, abu ɗaya da muka yi wa zama har sau da yawa shi ne anko. A ajinmu al'ada ce kowane rukuni ya ɗinka kaya iri ɗaya na ranar kare aiki a gaban malamai, a yi hotuna. Mun je kasuwa mun zaɓi yadi, mun yi musu a kan launi, ni kuma na samo wani dogon mayafi mara nauyi da ya hau da shi. Tela ya ga fuskokinmu fiye da yadda mai walda ya gan su.

Yajin aiki bai zo ba. Wata safiya aka liƙa sanarwar ranar kare aiki, da na karanta sai na ga kwanakin da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Muka kwashi sassan muka kai shagon walda a Fadaman Mada, a nan asirinmu ya tonu. Gangar ɗan Miri ta fi ramin da aka bar mata girma. Ƙafafun gangar jikin ba su daidaita ba, injin yana rawa kamar teburin mai shayi. Kowa ya ƙera nasa da ma'aunin da ya ga dama, ni kuma da na yi zanen ban taɓa zuwa na duba ko ana bin sa ba. Muka shiga yanka da sake walda, kawun yaron yana ta yi mana faɗa. Cikin wannan rububin na lura babu murfin bel, kuma babu wanda ya ambace shi. Na ja ɗan Miri gefe na ce ya tambayi Yaya, ya ce shi ba zai iya ba, ni ce mai baki. Ɗan Fadaman Mada ya ce mutum kamar Yaya ba zai manta ba, mu bar shi. Sau biyu na nufe shi da niyyar tambaya, in gaishe shi, in tambayi iyali, sai in tsaya nan ban ambaci murfin ba. Shi ma ya amsa da fara'a, ya ce aiki yana kyau, Allah ya ba mu sa'a.

Ana gobe kare aiki da la'asar muka tayar da injin a karon farko. Ya tashi, samarin suka hau ihu da murna. Ni kuwa idona yana kan bel ɗin nan da ke gudu a fili, yana kaɗawa yana wani irin huci, fulin yana juyawa har ba a ganin ramukansa. Wani tsumma da ke kan benci iska ta ɗan matsar da shi, kafin in ƙifta ido bel ya fizge shi ya naɗe. Suka yi dariya. Ni ban yi dariya ba. Tun shekararmu ta farko an sha gaya mana ba a matsar injin da bel ɗinsa ke buɗe, kuma ba a zuwa kusa da shi da kaya masu lilo. Na san daidai shi ne in je wurin malamin da ke duba aikinmu in ce ba mu gama ba. Amma tsoron maimaita shekara ya danne ni, ga tunanin idon mahaifina da ya riga ya sanar da dangi na kusa fitowa. Na ce wa raina gobe Yaya zai zo da murfin a bayan motarsa.

Ya zo, cikin ankonsa, hannunsa babu komai. Muka dubi juna, ba wanda ya tambaye shi murfin. Aka ajiye injin a filin gaban ɗakin ƙere-ƙere, ɗan Miri ya kawo buhun masara daga gonarsu. Kafin malamai su iso layinmu, mai hoto ya zo, samarin suka ce a tayar da injin a ɗauke mu yana aiki, ni ce zan riƙa zuba masara don hoton ya fi kyau. A kullum idan zan shiga ɗakin aiki nakan cusa hijabina cikin rigar aiki in ɗaure. Ranar kuwa ina cikin anko, mayafin nan na yafa shi na zagayo da shi wuyana. Na ɗauki masarar. Mai hoto ya ce in ɗan matso, in juyo da fuskata wajensa. Na juyo. Ban ji lokacin da bakin mayafin ya zame daga kafaɗata ba, sai dai na ji an fizgi wuyana da ƙarfin da ban taɓa sani ba, kaina ya yi ƙasa ya nufi fulin. Numfashina ya ɗauke. Ina jin zafin injin a kumatuna, ina jin warin fetur, ina so in yi salati amma babu hanyar da murya za ta fita. Na ga ƙarfen yana juyawa dab da idona, na sallama cewa tawa ta ƙare.

Sai na ji wata ƙara, injin ya shaƙe, na faɗi ƙasa ina tari. Daga baya aka ba ni labari cewa samarin sun daskare, ɗan Miri ya ruga neman makunnin ya rasa shi don ruɗewa. Yaya ne ya cusa hannunsa ya damƙi bel ɗin ya ture shi daga kan fulin. Da na ɗago na gan shi a durƙushe, ya riƙe hannun damansa da na hagu, jini ya ɓata gaban sabuwar rigar, bakinsa yana ta innalillahi. Bai dubi hannun ba, ni yake tambaya ko ina numfashi. A asibiti aka ce yatsunsa biyu ba za su gyaru ba, aka cire su. Ni na tashi da ƙujewa a wuya da muryar da ta daɗe ba ta dawo daidai ba.

Da na samu ƙarfin zuwa duba shi, matarsa ta ba ni kujera, na kasa zama, na tsuguna ina kuka. Shi ya fara ba ni haƙuri. Ya ce tun ranar rabon aiki ya gane murfin ba ya ƙeruwa sai an haɗa injin an auna inda bel zai zauna, ya yi ta jiran mu kira shi mu ba shi ma'auni. Da ya ji shiru sai ya ji nauyin ya bi yara yana tambaya, kada mu ce babba ya kasa ɗan aikin da aka ba shi. Da lokaci ya ƙure kuma ya ga mun ruɗe da gyaran sauran sassan, sai ya ɗauka mun yanke shawarar barin murfin, ba mu dai gaya masa ba. Ya ce da ɗayanmu ya buɗe baki sau ɗaya, da yini guda ya ishe mu. Muna jin nauyinsa, yana jin nauyinmu, bel kuwa yana nan a buɗe.

An ba mu dama daga baya muka gama injin da murfinsa, muka kare aikin, muka fita. Amma har yau idan na ji ƙarar injin markaɗe a unguwa sai na kai hannu wuyana, kuma ba na iya kallon mutum yana rubutu da hagu ba tare da ƙirjina ya buga ba. Abin da na koya shi ne, raba aiki ba shi ne yin aiki tare ba. Idan kowa ya tafi da kasonsa ba mai leƙa na wani, ranar haɗawa za ku tarar da ramin da kowa ya zaci ɗan'uwansa ya cike. Ƙannena ɗalibai, ku riƙa haɗuwa a gaban aikin kansa tun da sauran lokaci, kada ku jingina da jita-jitar za a ɗage. Ku tambayi kowa ina ya kai, ko da ya haife ku, cikin ladabi amma a fili, don tambaya ba raini ba ce. In kuma ranar ta zo abin kariya bai samu ba, ku bar injin a kashe ku faɗi gaskiya. Shekarar da na ji tsoron maimaitawa, da na maimaita ta da tuni ta wuce an manta da ita, shi kuwa bawan Allahn nan da hannun hagu yake sa hannu a takardun ofis har ya yi ritaya.