Rahmatu Mai Ƙuli da Sunan 'Yar Fari

Wanda ya shiga unguwarsu a Daura yana neman gidan Rahmatu mai ƙuli ba ya bukatar ɗan rakiya, hancinsa ma ya ishe shi. Tun da aka kawo ta amarya daga wani ƙauye a gefen Dutsi take suyar gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza tunkuza ta jefa a kasko. Mijinta Jafaru direba ne, kullum yana hanyar Kongolam, saboda haka gidan da abin da ke cikinsa a hannunta suke. Ƙulinta ba ya karya haƙori, manta ba ya kumfa. Amma idan matan unguwa suka tashi yabon ta, ba da ƙuli suke farawa ba. Cewa suke yi, "Rahmatu akwai kara."

Kuma da gaskiyarsu. Idan ɗanta ya yi faɗa da ɗan maƙwabta, nata take kamawa ta mara tun kafin ta ji ba'asi. Idan akuyar wani ta shigo ta ci mata gyaɗa, sai ta ce laifinta ne da ta bar ƙofa a buɗe. Haka aka rene ta a gidan makiyaya, inda mace ke haihuwa ba a ji ko nishinta ba. Inda kuwa karar tata ta fi ƙarfi shi ne a kan 'yarta ta fari, Raihana.

Rahmatu ba ta taɓa faɗin sunan yarinyar ba. Ana yaye ta kakarta ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, ta ɗauke ta ta tafi da ita ƙauye, kamar yadda aka saba yi wa 'yar fari. Sai da Iya ta rasu aka dawo da ita, ta riga ta zama budurwar yarinya, aka sa ta a sakandare. A bakin Rahmatu sunanta "'yar Iya", in kuma ta matsu ta ce "ke". Ƙannenta Usman da Fadila kam, sunansu ya sha wuya a bakin uwarsu, daga safe har dare ana jin sa har zaure. Ita Raihana ko da mutane suka ce ta yi kyau, Rahmatu kau da kai take yi ta ce, "Wannan? Ku dai kuna da abin yabo." A zuciyarta kuwa babu wanda take ji kamar yarinyar. Ita take ajiye wa ƙulin farko mai zafi, sai dai ta ba Fadila ta kai mata, kada a ce.

Raihana tana da in'ina. Idan hankalinta a kwance yake, magana tana fita sumul, amma da zarar idanu sun yi mata yawa sai harafin farko ya maƙale, ta yi ta fama da shi tana ƙifta ido. Ga ta da kai, har malamarsu ta Hausa, Malama Hadiyya, ta zaɓe ta ta karanta jawabin maraba ranar rabon kyaututtuka. Rahmatu ba ta je ba, ina uwa ina zuwa kallon 'yar fari. A wajen taron kalmar "barka" ta tsaya wa yarinyar a maƙogwaro. Ta ja, ta sake ja, daga baya ta wuce ta karanta sauran lafiya lau. Amma wata 'yar ajinsu ta ɗauka da waya, ta yanke daidai wurin maƙalewar, ta jera shi yana maimaita kansa, ta sa masa ƙarar janareto mai ƙin tashi.

Kafin mako ya zagayo babu mai kiran ta Raihana a makarantar sai Janareto. Idan ta zo wucewa, yara ba sa ma buɗe baki, sai su sunkuya su yi kamar suna jan igiya. Daga makaranta abin ya fito layi, har 'yan acaɓa na bakin titi suka koya. Rahmatu ba ta san komai ba, don wayarta 'yar rakani-kashi ce, daga kira sai tocila.

A gidan suna ta fara gani. Maƙwabciyarta kuma aminiyarta Hajiya Madina ta yi jika, mata sun cika tsakar gida, ana ta miƙa wata waya daga hannu zuwa hannu ana tuntsira dariya. Wayar ta iso hannun Rahmatu, sai ga 'yarta a ciki, baki yana rawa, janareto yana tari.  Ta ɗaga kai ta ga duk ita ake kallo, ana jiran a ga ko mai kara za ta ɓata rai saboda 'yar fari. Sai ta yi abin da ta saba yi tun tana amarya. Ta yi dariya ta ce, "Ai haka take ko a gida, sai an ja an sake ja kafin ta tashi."

Aka fashe da shewa, wata ta ce, "Kai, Rahmatu ba ki da dama." Rahmatu ba ta lura ba cewa 'yan matan gidan suna zagayawa da waya suna ɗaukar taron, kamar yadda ake yi a kowane suna yanzu.

Bayan kwanaki kaɗan Raihana ta ce kanta yana ciwo, ba za ta makaranta ba. Washegari ma haka. Daga nan ta daina magana gaba ɗaya, sai ɗaga kai da girgiza shi. Tana shara, tana wanke-wanke, tana taya murza ƙuli, amma ƙulin da Fadila ke kai mata a nan yake kwana. Rahmatu ta sayo maganin ciwon kai, ta karɓo rubutu, ta turara mata hazbiya har ɗakin ya yi baƙi. Abu ɗaya ne ba ta yi ba, wato ta zauna kusa da ita ta ce me ke damun ki. Ba ta san ta inda ake fara irin wannan maganar da 'yar fari ba.

Wata ranar Laraba da la'asar Malama Hadiyya ta yi sallama. Bayan gaisuwa ta ce, "Maman Raihana, wurinki na zo."

Rahmatu ta sunkuyar da kai. "Maman Usman ake cewa, Malama."

"To, Maman Usman. Jarrabawa ta matso, kuma yarinyar nan ta aiko min da ƙawarta cewa ta bar makaranta ke nan. Kin san dalili?"

"Na ga wani abu a waya ranar suna. Na ɗauka wasan yara ne, zai wuce."

"Wancan ta jure shi, kullum tana zuwa ana ja mata igiya tana zama a ajinta. Wannan ne ta kasa jurewa."

Malama ta miƙa mata waya. Bidiyon nan ne dai, amma an yi masa ƙari. Bayan janareto ya gama tari, sai ga Rahmatu da ɗaurin ɗankwalinta na biki, haƙora a waje, muryarta tar: sai an ja an sake ja. A ƙasa an yi rubutu, Malama ta karanta mata: "Ko uwarta ma ta shaida."

Rahmatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta sha jin kunya a rayuwarta, kunyar suruki, kunyar baƙo, kunyar haihuwa, kuma duk tana jin daɗinsu a ɓoye, don ado ne. Wannan dabam ce, ba ta da wani daɗi. Ta tuna safiyar da yarinyar ta ce kanta na ciwo, ashe da wannan ta kwana, ita kuwa tana bin ta da hayaƙin hazbiya. Magana zarar bunu ce, ga tata an zare ana yawo da ita gari-gari.

"Alkunya ce, Malama," ta faɗa da ƙyar. "Wallahi alkunya ce."

"Na sani, ni ma 'yar fari ce. Amma a da in uwa ta kau da kai, akwai kaka a bayan yarinya, kuma maganar tana mutuwa a tsakar gida. Yanzu kakar ta rasu, maganar kuma ba ta mutuwa. Na adana duk abin da suka watsa, shugabar makaranta ta kira iyayen yaran da suka haɗa shi, ranar Litinin. Ana son wani daga gidan nan."

"Sai in aika wa goggonta. Babanta yana hanya."

"Goggonta ba ta cikin bidiyon," in ji Malama, ta ɗauki jakarta.

Ranar Litinin Rahmatu ta rufe kasko, ta zura hijabi, ta nufi makarantar da ba ta taɓa taka ƙofarta ba. Raihana ba ta bi ta ba, ita ma ba ta iya ce mata ta zo ba. A ofishin shugaba ta tarar da iyaye a zaune, ga 'yan mata tsaye a jikin bango. Wadda ta haɗa bidiyon ba kowa ba ce face autar Hajiya Madina, yarinyar da Rahmatu ta sha goyawa.

Shugaba ta yi bayani, ta ce duk wadda ta watsa sai ta goge a gaban iyayenta, ta kuma ba da haƙuri a gaban aji. Hajiya Madina ta gyara mayafi ta yi murmushi. "Malama, abin bai kai haka ba. Yara ne. Ga uwar yarinyar nan, a gidana ta gani, da ita muka yi dariyar. Rahmatu, ai ke ba ki ɗauke shi komai ba, ko? Ke da 'yar Iya har wani shiga tsakani ake yi?"

Hanya ce Hajiya ta buɗe wa Rahmatu, irin wadda ta saba bi. Da ta ce ba komai, da an tashi ana yabon ta har gida. Ta kalli 'yan matan, ta ga ɗaya tana danne dariya, hannunta a ƙasa yana ɗan jan iska kamar mai jan igiyar janareto. Sai Rahmatu ta miƙe tsaye.

"Na yi dariya, Hajiya, kuma Allah ya yafe min. Amma ba 'yar Iya ba ce, Iya tana kabari. 'Yata ce, ni na haife ta. Kuma ba Janareto ba ce, ranar sunanta an yanka rago an raɗa mata suna. Sunanta Ra..."

Nan ya tsaya. Harshen da bai taɓa ɗaukar sunan ba ya ƙi ɗauka. Ta ce "Ra", ta sake cewa "Ra", idanun ofishin duka a kanta, ta ji yadda abin yake. Babu wanda ya yi dariya. Da ƙyar ta ture shi ya fito, "Raihana." Sai ta zauna ta ja hijabi ta rufe fuska.

An goge abin da za a iya gogewa. Wanda ya riga ya tsallaka Katsina da Kano kuwa, babu mai kamo shi. Hajiya Madina ta fita ba ta yi mata sallama ba, kuma kafin Rahmatu ta isa gida labari ya riga ta: mai kara ta tsaya gaban mutane tana "'yata, 'yata", kamar wadda a kanta aka fara haihuwa. Ta ji zafin maganar, ba za ta ce ba ta ji ba.

Ta tarar Raihana ta hura wuta ta murza ƙuli ta jera a faranti, ta ba ƙofa baya. Rahmatu ta cire hijabi, ta zauna a kujerarta, ta zuba ƙulin a mai. Sannan ta ce, "Raihana."

Yarinyar ta juya ta kalli zaure, tana neman baƙuwar da ta shigo. Ba kowa. Ta sake dubawa, sannan a hankali ta waiwayo ta kalli uwarta. Wannan waiwayen ya fi bidiyon yi wa Rahmatu ciwo.

"Ni ce na kira ki. Daga makarantarku nake. Abin da na faɗa ranar suna ƙarya ne, kunyar mutane na ji, na bar ki ke kaɗai. Zo ki zauna ki gaya min duk abin da suka yi miki, tun daga farko."

 Raihana ta matso ta durƙusa, ta buɗe baki, harafin farko ya maƙale. Ta ja, ta runtse ido, ta sake ja. Ƙulin da ke kasko ya yi ja, ya fara baƙi, ƙauri ya tashi har Fadila ta leƙo daga ɗaki tana cewa Umma yana ƙonewa. Rahmatu ta ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru. Ba ta kalli kaskon ba, ba ta kuma ƙarasa wa yarinyar kalmar ba. Ta zauna tana jira.